Taga a Bangon Arewa

Rimin Dabo, ta Tsanyawa,
9 ga Fabrairu, 1987.

Zuwa ga Khalilu,

Shekara tara ke nan da na miƙa wa mahaifinka takarda hannu da hannu, ranar da aka buɗe sabon ofishin gona na Tudun Mati. Ya ninke ta ya sa a aljihun babbar riga, ya ce zai duba. Har Allah ya karɓi abinsa bai duba ba. Na fara da wannan ne don kada ka ce na zo maka da fuska biyu.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni ne Badaru. Ubana da kakanka ciki ɗaya suka fito, ko da yake rabona da kai tun kana yawo da gajeren wando. Mu nan sai godiya. Gero ya yi tsada, fansho ya koma kamar jinjirin wata, sai an yi ta leƙe kafin wani ya ce ya gan shi. Idanuna ma sun fara yi mini rowa.

Muntaka direba, mai jigila tsakanin Tsanyawa da Kaduna, shi ya gaya mini kamfanin da kake yi wa zane aka ba gyaran ofishin nan, kuma fensirin yana hannunka. Shi ya sa na rubuto.

Na yi babban akawu a wurin tun yana ginin ƙasa mai ɗaki uku da darbejiya biyu a gaba. Idan rana ta take, a ƙarƙashinsu muke fitar da tebur, manoma su zauna a kan saiwa, a gama da kowa ba wanda ya yi gumi. Da kuɗin mai suka zo aka sare itatuwan, aka rushe ginin, aka kawo wani zane da aka ce irinsa ake yi a Ikko. Gilashi tun daga ƙugu har silin, kuma ba ya buɗuwa, wai na'urar sanyi za ta yi aikin iska. Abin da na rubuta wa mahaifinka, don shi ne babba a cikin waɗanda suka zo daga birni, shi ne garin da wuta take zuwa kamar baƙo ba a gina masa ɗakin da ba ya numfashi sai da wuta. Aka ce ni mutumin zamanin En'e ne. Na'urorin sun ga damina biyu suka mutu. Aka cire su aka bar ramukansu a bango. Ni ma aka cire ni a shekarar korar ma'aikata.

Ba don kaina nake magana ba, nawa ya wuce. Akwai ɗaki can baya inda ake buga takardu. Bangonsa ɗaya da siton takin zamani da maganin feshi, kuma bangon bai kai silin ba. Janareta kuwa, saboda ɓarayi, an yi masa keji daidai ƙarƙashin ramin na'urar, ta nan hayaƙinsa yake shiga. Mace ce take aiki a ciki tun safe har la'asar, ita da keken rubutu da injin gurza takardu. Tana da fuka tun tana ƙarama. Bara tari ne kawai. Bana idan ta taso sai ta zauna a hanya ta huta kafin ta kai gida.

Na je wa manajan, wani yaro mai ladabi da ba ya iya yanke komai. Ya ce ba a taɓa ginin hukuma sai da zane mai hatimi. To, hatimin yana wajenku. A fasa taga mai buɗuwa a bangon arewa, a ɗauke janareta daga wurin, a kai bangon sito har sama. Magini ɗaya zai gama a mako. Ban iya roƙo ba, amma ga shi na yi.

Baffanka,
Badaru.


Kaduna,
14 ga Maris, 1987.

Zuwa ga Baffa Badaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Na sami wasiƙarka, na yi murna ƙwarai, na kuma ji kunya da har sai da kai ka fara nemana. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi ƙyanda, amma ya warware. Game da Baba, Allah ya jiƙansa, ina roƙon ka yafe masa. Mutum ne da takardu suka yi wa yawa.

Baffa, da ka san yadda maganarka ta zo daidai da abin da ke raina! Tun muna makaranta nake cewa ofis ba akwatin ajiye mutane ba ne. Mutum yana cinye rabin rayuwarsa a ciki, dole a ba shi iska da haske da inda zai miƙe ƙafa. Na karanta wasiƙarka a gaban abokan aikina, wurin da ka ce wuta tana zuwa kamar baƙo, har maigidanmu ya yi dariya ya ce a ba ka kujera a kamfani.

Ga kwafin zanen nan na haɗo maka. Za ka ga na cire gilasan gaba na sa tagogi masu buɗuwa, kowace tana kallon 'yar'uwarta don iska ta ratsa. Na sa doguwar baranda inda manoma za su jira, da randuna, da wurin alwala. Na ɗaga rufin. Har darbejiyarka na mayar, guda shida. Ina son ofishin nan ya zama abin da za a riƙa zuwa kallo.

Maganar ɗakin baya na rubuta ta, tana cikin lissafi.

Ina Gwaggo Hure? Ina kuma Yaya Furera? Ban manta da ita ba, ita ta goya ni lokacin da muka zo wani taron suna, ta saya mini alewa a kasuwar Tsanyawa na ɓata mata zane. Tana nan Bici gidan mijinta? A gaishe ta da kyau.

Ɗanka,
Khalilu.


Rimin Dabo,
20 ga Afrilu, 1987.

Khalilu,

Gaisuwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Mutanen gida duk suna amsawa. Zafi ya sauko, rijiyar masallaci ta ja baya, sai an haɗa igiya biyu.

Na ga zane. Ka iya hannu, ban hana ka ba. Na shimfiɗa shi a tabarma na bi shi da madubin karatu ɗaki bayan ɗaki, na ga randunanka, na ga itatuwanka shida kamar ƙwallayen yara. Da na iso ɗakin baya sai na ga an zagaye shi da jan layi, an rubuta kashi na biyu, wato sai nan gaba.

Yaro, na tsufa a aikin hukuma, ban taɓa ganin kashi na biyu da idona ba. Na buga shi a takarda ya fi a ƙirga. Asibitin da aka fara mana yana kashi na biyu, awaki ne suke haihuwa a ciki.

Na ji daɗi da na ba ku dariya. Amma ba karin magana na aiko muku ba. Rabon taki ya gabato, kuma ka san ko ba ka sani ba, lokacin ne ake cika siton har rufi, janareta kuma ba ya hutawa saboda takardun rabo. Makon jiya matar nan ta faɗi a kan keken rubutu. Masinja ne ya ji shiru ya leƙa. Aka fito da ita baranda aka yi ta yi mata fifita da fayil. Washegari ta koma.

Za ka ce ta bar aikin mana. Mijinta ya rasu. Marayu uku ne a wuyanta, da wani tsoho da ba ya moruwa. A wannan zamani da ake korar masu digiri, wa zai ce wa mai albashi ta tashi?

Manomi yana zuwa ofishin nan sau biyu a shekara, ya tsaya a rana ya tafi, kuma da ma a rana ya wuni. Barandarka za ta iya jira. Ka ɗauke jan layin nan daga ɗakin baya ka mayar da shi kan darbejiya. Taga ɗaya ce, Khalilu. A bangon arewa, inda rana ba ta bugu.

Badaru.


Kaduna,
11 ga Yuni, 1987.

Baffa,

Gaisuwa da fatan an fara shuka lafiya. Ka gafarce ni da jinkirin amsa, aiki ne ya taso mu gaba.

Mun zo Tudun Mati ranar Laraba ni da maigidanmu. Na so in ƙaraso Rimin Dabo in gaishe ku, amma motar tasa ce, kuma an ce rafin ku ya kawo. Na shiga ɗakin da kake magana. Gaskiyarka, akwai wari, ni ma ban daɗe a ciki ba. Ita ma'aikaciyar ban same ta ba, an ce ba ta jin daɗi kwana biyu. Manaja ya yi mini alkawarin zai sa mata fanka.

Baffa, bari in faɗa maka yadda abin yake. Tun da darajar naira ta faɗi, abin da aka ware ba ya sayen rabin kayan da aka rubuta. An ce mu zaɓi abin da ya fi shafar jama'a. Rufin gaba yana yoyo a kan mutum goma sha biyu, ɗakin baya kuwa mutum ɗaya ne. Ko kai ne a matsayina, ina jin haka za ka zaɓa. Idan na sake zane yanzu sai an sake bin hatimi daga farko, maigidanmu kuma ba ya son a taɓa abin da aka riga aka sa wa hannu.

Kada ka ga rashin kunyata. Na san an ɓata maka a ginin nan, kuma na san har da Baba a ciki. Amma ina ganin tsohon ciwon ne yake sa kake ganin komai nasa baƙi. Ita baiwar Allah, a ba ta shawara ta rubuta neman canjin wurin aiki, shi ya fi sauri.

Jibi za a tura ni Yola, akwai ginin da zan tsaya a kai har ƙarshen damina. In na dawo zan zo takanas.

Ɗanka,
Khalilu.


Rimin Dabo,
6 ga Yuli, 1987.

Daga Hure zuwa ga ɗana Khalilu. Malam Abdulƙadir na makarantar firamare ne yake rubuta mini, na ce kuma ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara.

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da ban taɓa gani ba. Ƙafata tana nan yadda take. An yi ruwa, gero ya kai gwiwa.

Kai Khalilu, ashe boko yana toshe kai? Ku biyu kun yi ta aika wa juna takarda kamar masu shari'a, shi ya yi karatu kai ka yi karatu, amma a rasa mai hankali ɗaya a cikinku. Matar da take buga takardu a ofishin nan Furera ce. Furera da ta goya ka. Mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bici shekara biyu ke nan, ta dawo gida da 'ya'yanta, da ma ta koyi bugun keken rubutu kafin aure, aka ɗauke ta. Tsohon da ba ya moruwa kuwa ai Baffan naka ne, ita take ciyar da gidan.

Kai ba ka san ita ce 'yarsa ta fari ba? Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Inna, mahaifiyarmu ni da shi, ita ta yaye ta ta riƙe ta. In zai yi maganarta sai ya ce wannan ta ɗakin Inna, ko ya ce mutanen gida. Ko ciwo take yi ba ya tambaya a gaban mutane, sai dai ya tsaya a bayan danga yana gyaran murya har in fito in gaya masa. Ku a Kaduna na ji har ɗaukar 'ya'yan fari kuke yi kuna yi musu rawa, to mu nan ba a yi.

Ranar da takardarka ta ƙarshe ta zo ina zaune ya karanta. Na ce, Yaya, me ya ce? Ya ce, ya ce mutum ɗaya ne. Na ce, to ka rubuta masa sunanta mana, ka ce 'yarka ce, ai jini ba ya ƙarya. Ya ce, Hure, ni da furfurata in zauna in rubuta wa yaro ina yi wa 'yar cikina bara? Na ce, kai da kake zagin sarakai da malamai da gwamnati, ba abin da ka bari, wannan al'adar ce kaɗai ta gagare ka? Ya ɗauki fartanya ya fita, ko hula bai sa ba.

Kullum la'asar sai ya ce zai duba gonar bakin titi. Gonar nan tun bara ya ba da ita aro. Zuwa yake ya tsaya a gindin tsamiya har ta sauko daga mota, ta taho tana hutawa, shi kuma yana binta daga nesa kamar bai san ta ba. In ta zauna sai ya tsaya yana duba shukar mutane.

Fankar da aka sa mata, warin take juyawa kawai. Yanzu a zaune take kwana, an jingina ta da buhu. Mun kai ta asibiti a Bici, likita ya ce ta bar wurin nan. Ta ce in ta bari wa zai auno hatsi. Na ce ta zauna a gida har a gama rabon taki, ta ce to ai shi ne aikin.

In kana da abin yi ka yi. In babu, ka zo ka gan ta. Zan ba Muntaka ya kai maka ofis.

Gwaggonka,
Hure.


Kaduna,
19 ga Oktoba, 1987.

Baffa,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Jiya na dawo daga Yola na tarar da wasiƙar Gwaggo a kan teburina, a ƙarƙashin tarin takardu, tun watan Yuli take nan ba wanda ya tura mini.

Yau da safe na zana tagar. Na shiga wurin maigidanmu ban ko zauna ba, na ce 'yar'uwata ce. Ya sa hannu nan take, ya aika yaro da mota aka bugo hatimi kafin azahar. Abin da na ce maka zai ɗauki watanni, wuni ɗaya ya ɗauka. Ga zanen nan tare da Muntaka, da takarda zuwa ga manaja. A fasa bangon arewa, a kai janareta bayan sito, a toshe ramin, a ɗaga bango har sama. Na cire itatuwan da rabin barandar.

Baffa, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kalma ɗaya ce. Na tambaye ka ita da sunanta, ka ce mutanen gida suna amsawa. Da na sani wallahi da tun watan Maris an gama.

Yaya jikin nata? A gaya mata Khalilu yana tafe ƙarshen wata, kuma zai kawo ta Kaduna a duba ƙirjin da kyau. A ce mata har yanzu ina sane da zanenta da na ɓata mata da alewa.

Ɗanka,
Khalilu.


Rimin Dabo,
8 ga Nuwamba, 1987.

Khalilu,

Gaisuwa. An yi girbi, gero ya yi dama-dama, wake ne tsutsa ta ci. Ƙafar Hure ta matsa mata. Na ji an sake tura ka wani wuri, ba ka samu zuwa ba. Ba komai.

Zanenka ya iso, manaja ya karɓa da hannu biyu. Magini bai cika mako ba ya gama, na yi masa ƙarin kwanaki a lissafina. Na je na gani. Taga ce mai kyau, ka sa ta daidai inda na ce. In ka tsaya a tsakiyar ɗakin iska tana taɓa maka wuya, har takardu sai an danne su da dutse. Ana hango gonakin Rimin Dabo ta ciki. Wani yaro daga Shanono ne yake zaune a wurin yanzu, an ce yana da sauri. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce, Baba, ai ofishin nan ba inda ya kai nan daɗi.

Ka tambaye ni me ya sa ban faɗa maka ba. Hure ma ta tambaya, har yau ba ta daina ba. Na gaya maka mace ce. Na gaya maka tana da fuka, ta faɗi a kan aikinta, tana da marayu. Na ɗauka wannan ya isa a fasa bango. Ban san sai an haɗa da sunan kakanni ba. Da 'yar wani ce, da har yanzu tana kashi na biyu, kai kuma da barcinka kake yi. Ba ina zaginka ba ne. Haka mahaifinka yake, haka ma'aikatar take, wataƙila ni ma haka nake lokacin da nake da tebur.

Kada ka wahalar da kanka da maganar asibitin Kaduna. Wasiƙarka ta zo na karanta wa Hure, wurin zanen da ka ɓata ta yi dariya, sannan ta shiga ɗaki.

Yaran suna wurina. Babban ya fara bin Muntaka tasha, ƙananan biyu suna makaranta in an samu abin karyawa. Gonar bakin titi na karɓo ta, ko da yake ban san me zan je yi a can da la'asar ba.

An gama rabon taki wata ranar Alhamis a ƙarshen watan Yuli, ta buga takardar ƙarshe ta rufe keken da ƙyallensa. Ba ta sake komawa ba. Ta yi wata guda a zaune. Furera ta rasu ranar Talata, ashirin da biyar ga Agusta, da hantsi, tana da shekara talatin da huɗu.

Badaru.